Naira dubu 450 ne a hannuna, wace kyamara zan saya don hoton biki?

Hafsatu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Na daɗe ina ɗaukar hoton atamfa da leshi da waya, na kasuwancin yayata. Da mutane suka ga hotunan sai aka fara kirana kamu da suna, musamman gidajen da ba sa son namiji ya shiga cikin mata da kyamara. To wayar ta fara gaza mini. Da magariba ta yi, ko aka shiga ɗaki, hoton sai ya yi yashi-yashi, fuska ta dame. Na haɗa alawus ɗin bautar ƙasa da adashe, naira dubu 450 ne a hannuna, babu ƙari. Wani mai shago ya ce in ɗauki Canon 4000D sabuwa dal a kwali, amma kuɗin gaba ɗaya a kanta zai ƙare. Wani kuma ya ce in nemi ta hannu. A Kano nake. Don Allah ku ba ni haske.

Ɗan Fagge
Wa alaikumus salam. Gaskiya ni da ke, da na ƙara kuɗin a kan wayarki na sayi babbar waya. Wayoyin yanzu suna yin hoton dare da kyau, kuma a nan take za ki gyara ki tura. Duk hoton biki a WhatsApp da Instagram yake ƙarewa. Me zai sa ki ɗauki jaka mai nauyi?

Anti Bilki
Ɗan Fagge, hoton dare na waya yana yin kyau ne idan abin da ake ɗauka a tsaye yake cak, domin wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su. Amarya tana tafiya, ƙawaye suna rawa, ana liƙi, wa zai tsaya maka? Sannan akwai maganar da ba ta shafi fasaha ba: uwar amarya ba za ta biya kuɗi mai kauri ga wadda ta zo da waya irin ta hannun 'yarta ba. Hafsatu, ƙanwata, kina kan hanya. Wannan gurbi na mace mai hoto a cikin mata yana da kasuwa, ni da shi nake ci da kaina. Amma kada ki taɓa waccan 4000D ɗin.

Hafsatu
Anti me ya sa? Na ɗauka sabuwa ta fi kwanciyar hankali.

Anti Bilki
Sabuwa ce a kwali, amma abin da ke cikinta tsoho ne. A 2018 ta fito, da sensa (abin da ke karɓar haske ya zama hoto a cikin kyamara) mai megafiksel 18, irin wadda Canon ke sakawa tun zamanin 550D da 600D. Bakin da ake ɗaura lensi na roba ne. Allonta ƙarami ne kuma ba ya juyawa. Babu ramin saka makirfo. Lensin da take zuwa da shi ba shi da abin hana rawar hannu. Abin da ya fi damuna shi ne mazaunin filasha da ke samanta: sun cire ɗan ƙarfen tsakiya, wanda shi ne filasha masu araha ke dogaro da shi su kama wuta. Haka suka yi wa 2000D da 250D. Ke kuma matsalar da kika kawo ta haske ce. Ki zuba duk kuɗinki a kyamara, ki dawo gida ba filasha, ba batir na biyu, ba kati mai kyau, sai ki ga hoton ɗaki bai fi na wayarki da wani abin kirki ba.

Baba Mai Hoto
Salamu alaikum. Bilki ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara, tunda na fara wannan sana'a lokacin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu.

'Yata Hafsatu, ki raba kuɗin nan tun kafin ki shiga kasuwa, ki rubuta a takarda. Jikin kyamara da lensin da ta zo da shi kada su wuce rabin kuɗin, ko su ɗara rabi kaɗan. Ragowar na haske ne da kayan aiki. Mai shago zai so ki juye masa komai a kan jiki ɗaya, domin nan ribarsa take, ba laifinsa ba ne, kasuwa ce. Amma hoto haske ne da lensi, jiki na uku ne.

Abin da zan ce ki nema shi ne Canon 700D, ko 600D idan kuɗi ya matse, ko 60D idan kika dace da mai lafiya. 600D ta 2011 ce, 700D ta 2013, 60D ta 2010. Dukkansu megafiksel 18, allonsu yana juyawa, suna da ramin makirfo, kuma kowace irin filasha tana zama a kansu. Kayan da suka shigo daga Amurka sunansu daban: 600D ita ce Rebel T3i, 700D ita ce Rebel T5i. Idan daga Japan ne za ki ga an rubuta Kiss. Abu ɗaya ne, kada wani ya ce miki wata ta fi wata.

A cikin ukun ni 60D nake so don aikin biki. Batirinta LP-E6 ya fi girma, a ƙiyasin kamfani yana kai hoto 1,100 a caji ɗaya, na 700D kuwa LP-E8 wajen 440. Jikinta ya fi ƙwari, tana da ƙaramin allo a sama da za ki ga saitinki ba tare da kin ɗaga ta ba. Sai dai ta fi nauyi, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa sun sha aiki a hannun masu hoton biki.

Maganar megafiksel kuma kada ta ruɗe ki. Hoton 5 da 7 da ake sakawa a albam, megafiksel 3 da 'yan kai ya ishe shi. Na 8 da 10, bakwai da ɗoriya. Girman takardar A4 bai kai tara ba. Da 18 za ki buga babban firem na falo lafiya lau.

Abban Sadik
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba, amma zauren nan kullum Canon, Canon. A kuɗin nan Nikon D5300 ta fi duk ukun da aka lissafa ta fuskar sensa. Ta 2013 ce, megafiksel 24, wuraren kama fokas 39 ne da ita, 700D tara ne kawai. Kuma abin da ya fi muhimmanci a bikinmu: ango baƙi ne, ya sa farar shadda mai ƙyalli, an tsaya a rana. Ko dai shaddar ta ƙone ta zama fari fat ba a ganin aikin ɗinki, ko fuskar ta nutse a duhu. Sensar D5300 tana riƙe fari da baƙi a hoto ɗaya fiye da tsohuwar sensar Canon mai 18. Ki ɗauka da ɗan duhu don ki ceci shaddar, ki ɗaga fuskar a kwamfuta, ba za ta yi yashi sosai ba. A 600D idan kika ɗaga inuwa da yawa sai datti ya fito. Wannan ba son rai ba ne, duk wanda ya yi gyaran hoton biyun ya sani.

Baba Mai Hoto
Abban Sadik, maganarka ta sensa haka take, ban musa ba. Dalilina na Canon ba na inganci ba ne, na zumunci ne. A garuruwanmu yawancin masu hoton da na sani Canon ke hannunsu. Ranar da batirinta ya mutu a wurin biki, wanda ke gefenta zai ara mata. Ranar da take son lensi mai jawo nesa na kwana ɗaya, za ta samu haya. Mai gyara ma ya fi samun kayan Canon da zai cire daga matacciya ya saka a mai rai. Mai ƙaramin jari ba ya zama shi kaɗai a tsibiri.

Abban Sadik
Mu a nan Kaduna masu Nikon ba mu yi kaɗan ba, Baba. Amma na yarda ta duba abin da na kusa da ita ke riƙewa. Hafsatu, idan kika zaɓi Nikon ga tarkon da ke ciki, ki kiyaye. Jerin D3000 da D5000 duka ba su da injin juya fokas a jikinsu. Dole lensin ya zama mai rubutun AF-S ko AF-P. Za a kawo miki 50mm f/1.8D da araha, zai ɗauru, amma fokas da hannu za ki riƙa yi. Wanda ke yi da kansa shi ne 50mm f/1.8G. Sannan AF-P ba ya aiki a tsofaffi irin D3200 da D5100 da D7000. Kuma D3400 da D3500 ba su da ramin makirfo, D3300 tana da shi.

Musbahu
Ni mamakina yadda ake tura yarinya ta sayi abin da kamfanonin da kansu suka juya wa baya. Tun 2018 Canon da Nikon suka koma kan sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, RF ta Canon da Z ta Nikon. Nikon ta daina yin D3500 da D5600. Ta nemi Sony a6000 mana. Ta 2014 ce, megafiksel 24, fokas ɗinta yana da sauri, ba nauyi, kuma abin da kika gani a allo shi zai fito a hoto. Ga mai koyo wannan babban abu ne. Ko Canon M50 idan tana son bidiyo.

Anti Bilki
Musbahu, a6000 kyamara ce mai kyau, na riƙe ta. Amma ka faɗa mata sauran. Batirinta NP-FW50 hoto ɗari uku da wani abu yake yi, a biki sai ta tanadi uku ko huɗu, da wannan wutar tamu. Ba ta da ramin makirfo na yau da kullum. Lensin Sony na hannu sun fi na Canon EF tsada da wuyar samu. Sannan babu madubi a gaban sensar, da ka cire lensi a buɗe take, ga ƙurar hunturu. M50 kuwa Canon ta rufe layin gaba ɗaya a 2023, lensinta EF-M ba ya hawa kan sababbin RF. Wanda ya fi zama matacciyar hanya kenan.

Juya bayan da kamfanoni suka yi wa DSLR, wato masu madubi irin 700D da D5300, shi ne ma ya sa ta zama ta talaka. Masu kuɗi a Turai da Amurka suna sauke nasu suna komawa marasa madubi, kayan suna gangarowa nan. Kuma lensin EF da ta saya yau ba asara ba ne, idan Allah ya buɗa mata ta sayi Canon R, da ɗan abin haɗi zai hau ya yi aiki.

Musbahu
Na ji ta batir, Anti. Amma idan bidiyo zai shigo, 600D da 60D za su wahalar da ita. Ba sa bin mutum da fokas yayin ɗauka, kuma fayil yana kaiwa 4GB suke tsayawa, wajen minti 12 kenan a babban inganci. 700D tana buɗe sabon fayil da kanta har zuwa minti 29 da daƙiƙa 59, amma fokas ɗinta a bidiyo yana jan ƙafa. Sai daga 70D abin ya gyaru sosai, ita kuma za ta cinye kuɗin.

Hafsatu
Yaya Musbahu, hoto ne aikina yanzu. Gajeren bidiyo na minti ɗaya da ake sakawa a shafi, wayata tana yi.

Musbahu
To shi ke nan, idan haka ne na janye rabin maganata. Rabin da ya rage: nan da 'yan shekaru za ki dawo kan marar madubi.

Ɗan Fagge
Tunda an ƙi waya, me ya sa ba za ta ɗauki 5D Mark II ba kawai? Babbar sensa, ita manya suka yi suna da ita, kuma yanzu ta faɗo.

Baba Mai Hoto
Ta faɗo, amma tana jan kashe kuɗi a bayanta. Ta 2008 ce. Lensin EF-S masu araha, irin 18-55 da 55-250, ba sa hawa kanta sam, sai EF. Katinta CF ne, ba SD ba, ya fi tsada kuma samunsa sai an nema. Ba ta da ƙaramar filasha a ka. Allonta ba ya juyawa. Wadda ta kai shekarun nan a hannun ƙwararru, Allah kaɗai ya san yawan harbin da ta yi. Idan babbar sensa ake so, 6D ta 2012 ta fi dacewa, tana cin SD kuma tana ganin duhu da kyau, amma wannan sayayya ta biyu ce, bayan sana'a ta fara biyan kanta.

Anti Bilki
Bari in dawo kan abin da za a yi da ragowar kuɗin, don nan ne aikin yake.

Filasha farko. Godox TT600 ko Yongnuo YN560, waɗanda ake saita ƙarfinsu da hannu. Suna cin batir AA guda huɗu. Idan kuɗi ya kai, Godox TT685 tana auna hasken da kanta, amma ki tabbata ta irin kyamararki ce, mai C ta Canon ce, mai N ta Nikon. Ni na fi son mai koyo ya fara da ta hannu, cikin mako biyu zai gane haske. Kada ki haska fuskar mutane kai tsaye, musamman amaryar da aka yi wa kwalliya, goshi da kumatu za su yi ƙyalli, inuwa ta kwanta a bango. Ki ɗaga kan filashar sama, hasken ya bugi silin ya sauko a hankali. A ɗakin amarya mai farin silin, wannan kaɗai zai sa a ce kin ƙware. Inda ba ya aiki shi ne babban ɗakin taro mai dogon rufi, da ƙarƙashin rumfa mai launi, domin jar rumfa ja za ta zubo wa fuska. A nan sai ki zaro ɗan farin katin da ke kan filashar, ko ki ɗaura farar takarda mai kauri da roba. Ki tuna da filasha gudun shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe idan an ɗauki hoto, ba ya wuce 1/200 a 600D da 700D, 60D kuwa 1/250. Idan kika wuce, baƙin layi zai yanke hoton.

Batir AA ki sayi masu caji, saiti biyu, da cajarsu. Eneloop sun fi riƙe wuta idan kika samu na gaske. Na yarwa da ake sayarwa a bakin titi, kafin a gama kamu sun mutu, kuma kuɗinsu a wata uku ya fi na masu cajin.

Sai lensi. Kada ki raina 18-55 da ke zuwa da kyamara, ki dai tabbata akwai IS a jikinsa, wato abin hana rawar hannu. Shi ne zai ɗauki hoton dangi a tsakar gida mai ƙunci. Amma wanda zai canza miki hoto shi ne 50mm f/1.8 STM. Yana shigar da haske ninki da yawa fiye da 18-55, baya ya narke, amarya ta fito ita kaɗai. Lalle, sarƙa, zobe, ɗinkin atamfar yayarki, duk da shi. Abin lura, a kan ƙaramar sensar Canon ana ninka lambar da 1.6, wato 50 yana zama kamar 80, don haka a ƙaramin ɗaki za ki ja baya har ki jingina da bango ba ki ɗauki mutum uku ba. Shi ya sa ake riƙe biyun. Kuma kada ki buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, wato f/1.8, a hoton mutane da yawa, ta gaba za ta fito, ta baya ta dushe. Mutum ɗaya f/2.2 ko f/2.8, taro f/5.6.

Abban Sadik
A Nikon 35mm f/1.8G DX ya fi 50 amfani a cikin ɗaki, kuma shi ma ba tsada. Wannan ma wani dalili ne nawa.

Isuhu Maraɗi
Salamu alaikum. Mu nan Maraɗi da yawa daga Kano muke sayo kayanmu, ƙura da zafi kuma mun fi ku. Abin da zan ce wa ƙanwarmu, ta ware ɗan kuɗi na famfon roba mai hura iska, da ƙyallen goge gilashi, da jaka mai zif da soso a ciki. Kada ta canza lensi a fili lokacin hazo, ta shiga ɗaki ko mota, ta kifa bakin kyamarar ƙasa, ta yi sauri. Kada ta hura da baki, kada ta goge gilashi da gefen mayafi, ƙurarmu yashi ce, tana karce shi. Kuma kada ta bar kyamara ko batir a cikin mota a rana. Akwai cajar batirin kyamara mai cin USB, da ita da fawa-bank ko an ɗauke wuta kwana biyu aiki ba ya tsayawa.

Hafsatu
Na gode ƙwarai Malam Isuhu. To maganar kati fa? Mai shagon ya ce zai ba ni 128GB kyauta idan na saya.

Baba Mai Hoto
Katin kyauta shi na fi tsoro a duk kayan nan. Jabun kati ya cika kasuwa, an buga masa sunan SanDisk ko Lexar, kwamfuta ta nuna 128GB, alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar hoto kamar lafiya, sai kin koma gida ki tarar rabin fayilolin ba sa buɗewa. Ɗaurin aure kuma ba a maimaita shi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, tana cika katin ta karanta shi ta faɗa miki gaskiyar girmansa. Ki gwada kowane sabon kati da ita kafin ya je wurin aiki.

Ki sayi 32GB guda biyu maimakon babba guda ɗaya. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na megafiksel 18 wajen 25MB ne, kati ɗaya zai ɗauki sama da dubu. Kyamarorin nan ramin kati ɗaya ne da su, don haka ki raba biki gida biyu, idan ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira. Ki duba alamar Class 10 ko U1, ya isa hoto. U3 ko V30 ya fi sauri idan bambancin kuɗin kaɗan ne. A cikin kyamara za ki riƙa goge kati da fomat, ba a kwamfuta ba, kuma ba ki yi sai hotunan sun zauna a wuri biyu daban.

Ɗan Fagge
Baba ai RAW sai da laftof. Ta ce tana da shi?

Hafsatu
Akwai na yayata, tsoho ne amma yana aiki.

Abban Sadik
Ya isa. Canon tana ba da manhajarta ta gyaran RAW kyauta, Digital Photo Professional, Nikon ma tana da NX Studio. Ki saita kyamara ta ɗauki RAW da JPEG tare. JPEG ki tura wa masu gaggawa, RAW ki gyara na albam. Fitilun ɗakin taro masu shuɗi da ruwan hoda suna ɓata launin fata, a RAW ne kawai za ki dawo da shi daidai. Kuma don Allah kada ki bi masu mayar da baƙar amarya fara sol, har danginta su kasa gane ta. Idan za ki tura ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da ingancin.

Anti Bilki
Yanzu ranar saye. Ba a cinikin biri a sama. Za ki ga kaya masu kyau a Jiji da shafukan Instagram na 'yan Legas da Abuja, ki yi amfani da su ki san farashin ranar, tunda kayan nan dala suke bi, amma kada ki tura kuɗi kan abin da ba ki riƙe ba. Ki je da wanda ya san kyamara, da katinki, da laftof ɗin in zai yiwu.

Abu na farko yawan harbin shota, shi ne kamar lambar tafiyar mota. Ƙananan kyamarorin nan ana ƙiyasta musu wajen 100,000. Wata tana wuce haka nesa, wata ba ta kaiwa, amma idan ta haura 60,000 ko 70,000 farashi ya sauka sosai ko ki bar ta. Nikon tana rubuta lambar a cikin kowane hoto, akwai shafukan da za ki ɗora hoton su karanto miki. Canon sai an haɗa ta da kwamfuta da manhaja. Idan mai kaya ya ƙi a duba, ki gode masa ki tafi.

Ki saita f/22 ki ɗauki farin bango ko sama, ki buɗe hoton da girma. Ɗigo-ɗigon ƙura ana gogewa, amma dogon layin da ya ƙi goguwa karce ne a sensa, wannan ba ya gyaruwa da araha. Ki cire lensi ki haska shi da tocilar waya ta baya. 'Yar ƙura ba komai, amma idan kika ga zare-zare fari yana yaɗuwa a cikin gilashi, funfuna ce, tana kama kayan da suka zauna a wuri mai laima irin bakin teku, kuma tana ci gaba. Ki gwada fokas kusa da nesa, ki ji ko yana kuka ko yana kai-komo. Ki juya allon ta kowane ɓangare, wayar cikinsa tana tsinkewa. Ki danna kowane maɓalli. Ki ɗora filasha ki ga ta kama. Ki duba ƙananan kusoshin jiki, idan kansu ya cinye an taɓa buɗe ta. Ki ɗauki hoto ashirin a jere ki ga ko za ta nuna Err. A ƙarshe rasit, a rubuta lambar jikin kyamara da ta lensi a kai, da sharaɗin kwanakin gwaji. Kayan sata suna yawo, rasit ne zai fitar da ke.

Musbahu
Caja ta zama ta asali, Anti kin manta. Batir na biyu ko ba na kamfanin ba ne ana lallaɓawa, amma a duba kada ya kumbura.

Anti Bilki
Haka ne, na gode.

Hafsatu
Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu. Abin da na fahimta zan nemi 700D ko 60D da 18-55 mai IS, in ga D5300 kuma in kwatanta farashi, sai filasha, batura, kati biyu, jaka. In kuɗi ya rage 50mm. Tambaya biyu: abin ɗora kyamara mai ƙafa uku dole ne? Kuma hawan sallah nake sha'awar ɗauka, wane lensi?

Baba Mai Hoto
Ba "in kuɗi ya rage" ba, 'yata. Ki sa 50mm a cikin lissafi tun farko, ko da zai sa ki sauko daga 700D zuwa 600D. Hoton da za su fitar iri ɗaya ne, amma hoton da 50mm zai fitar 18-55 ba zai iya ba. Idan na Canon ya gagara akwai na Yongnuo, fokas ɗinsa yana da ƙara kuma yana kuskure a duhu, amma yana fitar da aiki.

Mai ƙafa uku ba dole ba ne a biki, zai ma tare miki hanya a cikin mata. Inda za ki so shi shi ne hoton atamfa, kuma can ma taga mai haske da farin kwali a ɗaya gefen sun fi shi amfani. Ki bar shi zuwa gaba, kuma in za ki saya kada ki sayi mai siraran ƙafafu da iska ke kayarwa. Na hawan sallah 55-250mm IS ne, wanda aka rubuta STM ya fi kaifi. Sau biyu a shekara za ki buƙace shi, ki yi haya.

Abban Sadik
Ni dai har yanzu D5300 nake cewa. Ki riƙe biyun a hannu, ki ɗauki mutum mai farar riga a rana da kowace, ki buɗe a laftof, sannan ki yanke.

Anti Bilki
Wannan gwajin na yarda da shi. Ƙari ɗaya Hafsatu: bikin farko da na biyu kada ki karɓa ke kaɗai. Ki bi wata a matsayin mai taimako, ko ki ɗauki na dangi inda akwai wani mai hoton. Kyamara ɗaya ce da ke, in ta tsaya a tsakiyar kamu babu ta biyu. Ranar da kika karɓi babban aiki ki sa kuɗin hayar jiki na biyu a cikin farashinki.

Hafsatu
In sha Allah Anti. Wani ya ce in sa gilashin kariya a gaban lensi saboda ƙura, girman ɗaya ne duka?

Isuhu Maraɗi
A'a, kowane da nasa, an rubuta a bakin lensin ko a cikin murfinsa. 18-55 na Canon 58mm ne, 50mm STM kuwa 49mm. Ki sayi mai ɗan kyau, domin mai arahar gaske yana sa fitilun ɗakin taro su yi fatalwa a hoto. In dare ne a cikin ɗaki ki cire shi, in rana ce a fili lokacin hazo ki mayar.